Daɓen laminet a gidajen Kumasi: tambayoyi da amsoshi kan shara, guga da gyara

Sana'ata shimfiɗa daɓen laminet ce a nan Kumasi, kuma yawancin gidajen da nake shiga na mutanenmu ne, daga Aboabo da Asawase har Sawaba da Tafo. Ranar da aka gama aiki ita ce ranar da tambayoyi ke farawa, wasu ta waya, wasu a ƙofar masallaci. Na tattaro waɗanda aka fi maimaita mini na amsa su a nan. In amsata ta saɓa wa takardar da ta zo a cikin kwalin falankanka, bi takardar, domin kamfanoni sun bambanta, kuma garantinsu a kan abin da suka rubuta yake tsayawa.

Masta, shi wannan laminet ɗin katako ne ko roba?

Ɗauki guntun da ya rage ka dubi bakinsa, za ka ga hawa huɗu. Can sama akwai siririn rufi mai tauri, garai-garai, na melamin da aka haɗa da garin alminiyam oksaid. Shi ke ɗaukar wahalar ƙafa. Ƙarƙashinsa takarda ce da aka buga wa hoton itace, wato wannan zanen da ya burge ka a shago hoto ne. Sai tsakiya mai kauri, wanda ake kira HDF: katako ne da aka niƙa ya zama zare-zare, aka kwaɓa da gam, aka danne da zafi. Na huɗu shi ne bayansa, mai hana falankin lanƙwashewa.

Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a 1977, daga baya ya riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Na farkon da gam ake haɗa shi. Irin wanda muke sarƙafawa yanzu, ba gam ba ƙusa, sai a shekarun 1990 ya fito. Suwidin ƙasar sanyi ce, ana ɗumama ɗakuna har iskar ciki ta bushe. Mu kuwa ruwan da ke sauka a Kumasi ya kusa milimita 1,400 a shekara, damina biyu muke yi. Don haka kular da yake bukata a nan ta fi ta can.

Tun ina yarinya da bokiti da omo nake wanke ɗaki. Me ya sa wannan ba za a wanke shi ba?

Hajiya, wanda kika saba wankewa siminti ne, ko tarazo, ko tayil, kuma duk ba ruwansu da ruwa. Saman laminet ma ruwa ba ya huda shi. In kika ɗiga ruwa a tsakiyar falanki ɗaya, zai zauna ya yi ƙwallo har ya bushe. Matsalar tana wurin haɗi. Duk inda falanki biyu suka gamu akwai tsaga da ido ba ya gani, kuma abin da ke bayan tsagar shi ne wancan niƙaƙƙen katako, tsirara. In ruwa ya kai gare shi sai ya sha ya kumbura kamar garin rogo da aka jiƙa, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake.

Ba ranar farko za ki ga ɓarnar ba, shi ya sa mutane ke ƙaryata ni. Wata da watanni ana kwara ruwa, ɗaki yana ƙyalli, kowa na yabo. Sai wata rana ki shafa ƙafa ki ji bakin kowane falanki ya ɗan tasa. In kika duƙa wajen taga kika kalli daɓen ta gefe, inda haske ke kwanciya a kansa, za ki ga layi-layi sun ɗago tun daga ƙofa har gindin gado. Daga nan takalmi da ƙafar kujera ke fara cin waɗannan tudun, rufin sama ya ɓare, launin ƙasa-ƙasa na cikin ya bayyana. Wannan ba shi da magani sai canji.

Ki faɗa wa duk mai taya ki aiki, har 'yar da ta zo hutu. Sau da yawa uwar gida ta san doka, wadda ta karɓi shara ranar Juma'a ce ba ta sani ba.

To yaya ake goge shi?

A fara da shara, kullum. Guga kuwa sau ɗaya a mako ta isa, sai in gidan yara ne da yawa. A tsoma mofa ko tsumma a ruwa mai tsabta, a matse da ƙarfi har ɗigo ɗaya ya daina fita. A bi tsawon falankin, kada a gitta shi, don kada a riƙa tura ruwa cikin haɗi. Gwajin mai sauƙi ne: in kin goge wuri kin waiwaya bayan minti ɗaya ko biyu, ya kamata ya bushe. In har yana sheƙin ruwa, tsumman ya jiƙe da yawa, a bi da busasshe.

Mofa mai faɗi ta maikurofaiba ta fi mai gashin igiya, don ita mai igiya ba ta matsuwa sosai. Tsohon tawul ko tsohuwar singileti ta auduga ma suna aiki. Ni na fi son a zuba ruwan a kwalbar fesawa, a fesa wa tsumman, a bar bokitin a tsakar gida. Bokitin da bai shigo ɗaki ba, yaro ba zai tuntsurar da shi ba.

Tsintsiyar kwakwa tana ɓata shi?

Ita kanta ba za ta huda rufin ba, amma ba ta kwashe lallausan yashi, jan sa take yi a kan daɓen. Yashin nan shi ne ke cinye ƙyalli. Jar ƙasar Kumasi tana shigowa a tafin takalmi, kowane taku yana gurza ta a kan rufin, shi ya sa hanyar da ke tsakanin ƙofa da kujera ke riga ko'ina dusashewa. A yi amfani da tsintsiyar laushi ko busasshiyar mofa. Mai injin zuƙe ƙura ya kashe burushin nan mai juyawa, ya sa kan da aka yi don daɓe.

A nan al'adarmu ta cire takalmi a bakin ƙofa ta yi mana rabin aikin. Abin da ya rage shi ne abin goge ƙafa biyu, mai kaushi a waje, mai laushi a ciki, kuma a riƙa kakkaɓe su. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na iya sa a yi shara safe da yamma. A yi, amma kada ƙura ta sa a ƙara yawan guga da ruwa. Ƙurar da aka jiƙa ba a share ba, taɓo take zama ta shige cikin haɗi.

Wane sabulu ya dace?

Mafi yawan lokaci babu. Ruwa zalla yana ɗauke dattin yau da kullum. In akwai maiƙo, ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa na wanke-wanke a rabin bokiti sun isa, sannan a sake bi da tsumma mai ruwa zalla. Akwai ruwan goge laminet da kamfanoni ke yi, in ka samu yana da kyau.

Waɗanda ban yarda da su ba: omo da sauran garin wanki, sabulun sanda, sabulun salo, bilic, kanwa, toka, da garin goge tukunya. Sabulai suna barin dauɗa mai danƙo da ke kama ƙura da sawun ƙafa, bilic da kanwa suna da ƙarfi ga rufin, toka da garin tukunya kuma karce shi suke yi. Soson ƙarfe kada ma ya shigo ɗakin.

Ana yawan tambaya ta kan ruwan khal. Masu aikin sun rabu biyu, kuma akwai kamfanonin da suka hana. Ra'ayina: kaɗan a cikin ruwa mai yawa, jefi-jefi, don cire dauɗar sabulu, ba laifi. Amma kada ya zama na kowane mako.

Nawa ya dusashe, duk sawun ƙafa. In shafa masa man goge katako?

Kada ka shafa. Katakon gaske yana shan mai, laminet ba ya sha. Man zai zauna a sama, ya kama ƙura, ya yi santsi, kuma tsoho ko mai ciki na iya zamewa. Kananzir da wasu ke ɗigawa a ruwan guga don ƙyalli ma haka, ga wari ga haɗarin wuta.

Kafin ka yanke cewa ya tsufa, gwada wani abu. Zaɓi falanki ɗaya a tsakiyar inda ya dusashe, goge shi da ruwan ɗumi zalla, ka bi da busasshen ƙyalle ka murza. In ƙyalli ya dawo, dauɗar sabulu ce, sai ka bi ɗakin duka haka, ko da sau biyu ko uku ne. In bai dawo ba, yashi ne ya cinye rufin. Shi kuwa laminet ba a kankare shi da sanfefa a sake fenti yadda kafintocin Sokoban ke yi wa katakon odum, domin da ka kankare ka ci hoton.

Ɗakina da banɗaki a ciki, kuma a nan muke alwala. Yaya zan yi?

Wannan wurin shi ne na fi canzawa a gidajen Musulmi, Alhaji. Sau biyar a rana mutum na fitowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ruwa na ɗiga daga gemu da gwiwar hannu, kuma a kan falanki biyu ko uku ɗin nan na bakin ƙofa duk yake sauka. Ba ruwa mai yawa ba ne, amma ba ya fashi.

A ajiye abin taka ƙafa mai shan ruwa a cikin banɗakin, a tsane ƙafa tun kafin a fito. Wanda ke waje, a kan laminet, a riƙa ɗaga shi ana shanyawa, don jiƙaƙƙen tawul da ya kwana a wurin ya fi ɗigon alwalar illa. Buta kada ta kwana a kan daɓen, gindinta kullum a jiƙe yake. In ba a riga an shimfiɗa ba, ka sa mai aiki ya bar maka layin tayil ɗaya a bakin ƙofar, kuma ya toshe gefen falankan da silikon mai laushi wanda ba zai hana su motsi ba.

Haka jarkokin nan rawaya da muke tara ruwa a ciki in famfo ya ɗauke. Wurinsu baranda ko banɗaki. Jakar fiyawata ma kada a jibge ta a kusurwar ɗaki, da wuya a rasa ɗaya mai yoyo a ciki.

Manja, shito, lalle, tawada: me ke fitar da su?

Sauri ne ya fi kowane magani. Duk abin da ya zube, a tsane shi da ƙyalle daga gefe zuwa tsakiya, kada a baza shi.

Manja, shito (soyayyen yajin nan mai mai) da miyar tuwo: a kwashe da takarda ko cokalin roba, a bi da ɗigon sabulun wanke-wanke a ɗanyen tsumma, sannan ruwa zalla, sannan busasshe. Koko, shayi, lemo da jini, ruwan ɗumi ya ishe su, jini ma ruwan sanyi ya fi. Tawadar allo, irin ta gawayi da ƙaro, ruwa ke narkar da ita, sai dai kada a bari ta kwanta a haɗi. Almajiran gida su yi wankin allo a waje.

Biro, maka, jan farce, jan baki, fenti da kwalta suna son sifirit ko ruwan cire jan farce. A ɗiga a farin ƙyalle, ba a kan daɓen ba, a goge wurin kaɗai, a bi da ɗanyen tsumma. A fara gwadawa a bayan ƙofa. Lalle kuwa, musamman baƙin nan da rinin gashi, kada a yi wasa da su. Ranar da za a yi wa amarya ƙunshi a shimfiɗa leda a ɗora tabarma, in ya ɗiga a goge nan take.

Kyandir da ya narke daren da wuta ta ɗauke, da cingam: a sa ƙanƙara a leda a ɗora a kai har ya daskare, a ɓamɓare da tsohon katin roba. Ban da wuƙa, ban da reza.

Fitsarin yaro a tsane shi da wuri a goge. In ya saba shiga haɗi wuri ɗaya, warin ƙarƙashi yake komawa, kuma turare ba ya kashe shi.

Garwashin turaren wuta ya faɗi ya bar baƙin tabo. Zai fita?

In hayaƙi ne kawai ya yi baƙi a sama, sifirit na iya ɗauke shi. In ya ci rufin har farce na shiga, ƙuna ce, ba ta goguwa. Ƙarama ana cike ta da kakin gyaran daɓe mai launin falankin, babba sai canji. Kaskon turare a ɗora shi a kan guntun tayil ko faranti mai faɗi, ba don garwashi kaɗai ba, gindin kaskon ma yana zafi. Haka maganin sauro mai naɗi, da dutsen guga, da tukunyar da aka sauke yanzu. Kurfoti kam, wato murhun gawayi, ba na ɗaki ba ne, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa, wannan ya wuce zancen daɓe.

Da hunturu haɗin yana buɗewa, da damina kuma tsakiyar ɗakin na tasowa. Aikin ne bai yi ba?

Wani ɓangare halin katako ne, wani kuma laifin mai aiki. Laminet ba a manne yake da ƙasa ba, zaune yake a kan soso, dukansa a sarƙe, yana motsi gaba ɗaya. In iska ta yi laima sai ya faɗaɗa, in ta bushe ya tsuke. Shi ya sa ake barin tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da kowane bango, da ginshiƙi, da bakin ƙofa, a rufe ta da katakon gindin bango.

'Yar tsagar da ta bayyana a Janairu takan rufe da kanta in ruwa ya sauka a Maris ko Afrilu. Kada a cusa mata gam ko siminti. A zuƙe ƙurar da ke ciki, in ta ƙi rufewa mai aiki zai buga falankin ya koma wurinsa.

Tasowa kuwa, wadda in ka taka sai ka ji tana lotsawa, alama ce daɓen ya faɗaɗa ya rasa wurin zuwa. Ko an matse shi da bango, ko wani ya kafa ƙusa ta cikinsa, ko an girke masa wani abu mai nauyin gaske a gefe biyu. Gyaran ba wuya in an yi da wuri: a cire katakon gindin bango, a nemo inda ya tokare, a rage bakin, a ɗora nauyi a kan tudun ya kwanta. Ina roƙo, kada a buga masa ƙusa don ya kwanta. Na sha tarar da haka, kuma tudun wani wuri yake komawa. In an bar shi watanni ana takawa, haƙoran haɗin karyewa suke yi, ƙaramin aiki ya zama babba.

Ba ma zuba ruwa ko kaɗan, amma ya kumbura kuma ɗakin na warin rima. Daga ina?

Daga ƙasa. Siminti yana jan laima daga ƙarƙashi, balle a ɗakunan ƙasa na unguwannin da ke kwari. Dole ne a shimfiɗa leda mai kauri, ta kusan milimita 0.2, a kan simintin kafin soso, a ɗora bakin wata a kan wata a manne da salatif. Masu son rage kuɗi ita suke fara tsallakewa, tunda mai gida ba zai gani ba. In ana maka aiki, tsaya ka ga ledar da idonka.

Sabon siminti ma ba a gaggawa da shi. Masu gini na ƙiyasta kwana ɗaya ga kowace milimita ɗaya ta kaurinsa, wato mai santimita 5 na son kusan wata biyu, da damina ma fiye. Akwai gwajin gida: manna guntun leda a kan simintin, toshe gefensa huɗu da salatif, bar shi kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba. Falankan su ma a ajiye su kwance a cikin kwalinsu a ɗakin na awa 48 kafin a fara, su saba da iskar wurin.

A duba kuma na'urar sanyaya ɗaki mai ɗiga ta bango, da firji da ke narkewa in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, da tagar da feshin ruwa ke shigowa ta ƙasanta.

Ruwa ya shigo mana ɗaki. Akwai abin da za a ceta?

In kofi ne ko buta, a tsane, a kunna fanka, shi ke nan. In ambaliya ce, irin wadda mazauna bakin rafin Aboabo suka sani, ruwan ya riga ya shiga ƙarƙashi, kuma ledar da ke tare laima ita ce za ta riƙe shi. Goge sama ba ya amfani. A kashe wuta daga mita tukuna. A cire katakon gindin bango, a kwance falankan tun ranar, a rubuta wa kowanne lamba a baya, a jera su kwance a inuwa inda iska ke bi. Rana na lanƙwasa su. A zubar da soson, a wanke simintin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, tunda ruwan kwata ne, a bar shi ya bushe sarai. Waɗanda bakinsu ya kumbura sun tafi.

Gaskiyar da ba kowane mai sayarwa zai faɗa ba: ɗakin da ruwa ya taɓa shiga sau biyu, tayil ya kamace shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Muna da suna, za a cika falo da baƙi. Me zan tanada?

Allah ya raya. Kujerun haya su ne abin tsoro. Daga filin wani taron aka kwaso su, ƙafafunsu cike da yashi da tsakuwa, wasu na ƙarfe robar gindinsu ta cire. A bar su a waje ƙarƙashin rumfa. A cikin falo a shimfiɗa darduma ko tabarmi, a sa mutum ɗaya a ƙofa yana karɓar takalma, musamman masu tsinin dunduniya. Kulolin abinci da bahon lemo mai ƙanƙara a ba su wuri a baranda. Da Babbar Salla ma haka, aikin nama a tsakar gida.

Kujerun gida kuwa, a manna wa kowace ƙafa guntun bargo ko tsohon kafet, a riƙa dubawa don yashi na maƙalewa a jikinsa. Gado, kabad da firji ɗaga su ake yi, ba a ja. In sun fi ƙarfi a tura bargo ƙarƙashi a ja bargon.

Karcen da ya riga ya faru fa?

Siriri ana ɓoye shi da alƙalamin gyaran katako mai launin daɓen. Mai zurfi, wanda ya kai ga cikin, a cike shi da kaki da wuri, don ƙofar ruwa ce. In falanki ɗaya ya lalace, ana kwancewa daga bango mafi kusa har a kai gare shi a canza. Saboda haka nake cewa kowa ya sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan awon ɗakinsa, ya ɓoye abin da ya rage a busasshen wuri. Launin da ke kasuwa bana, baɗi da wuya ka same shi, in ma ka samu haƙoransa ba lalle su shiga na naka ba.

Gara tana cin sa?

Tana iya ci, tunda cikinsa katako ne, kuma ta ƙasa take zuwa. In ka ga hanyar ƙasa a gindin bango, ko wuri na ƙarar fanko in ka ƙwanƙwasa, kira masu feshi su duba. Gidan da aka san yana da gara a yi masa magani kafin a shimfiɗa.

Na ga ana tallar mofa mai tururi, wai tana kashe ƙwayoyin cuta.

Ga tayil tana da kyau. Ga laminet zafi da tururi ne ake dannawa cikin haɗi da ƙarfi, kuma yawancin kamfanoni sun hana.

Zan iya shimfiɗa kafet ko ledar ɗaki a kansa?

Darduma da sallaya da ƙaramin kafet ba matsala, a dai riƙa ɗagawa ana share ƙasansu, ana kuma sauya musu wuri don rana kada ta bambanta launin daɓen. Ledar ɗaki daga bango zuwa bango kuwa tana kulle laima, ban ba da shawara ba. Wanda ke kwana a katifar ƙasa ya riƙa jingine ta da safe, gumi na sauka ƙasanta.

Haya nake yi. In zan tashi, zan iya kwashe abina?

Irin na sarƙafawa yana kwasuwa, in an bi a hankali daga layin da aka gama da shi, ana ɗaga falanki ana zarewa. Wasu haƙora za su karye, kuma yankakkun gefe ba lalle su dace da sabon ɗaki ba, don haka ka sa ran ƙaramin ɗaki zai rufe. Muhimmin abu shi ne magana da mai gida tun kafin a shimfiɗa, a rubuta a takarda cewa naka ne, a gaban shaida. In ba haka ba, ranar tashi za ka ji an ce ya zama na gida.

Zan saya wa ɗakin amarya. Me zan duba?

Dubi lambar AC a jikin kwalin, ita ke nuna juriyar rufin, daga AC1 zuwa AC6. AC3 ya ishi ɗakin kwana, falo mai jama'a AC4. Kauri yakan kama daga milimita 6 zuwa 12. Ni ba na son abin da ya gaza 8, don haƙoran siririn ba sa jure simintinmu da ba kasafai yake miƙe ba. Nemi alamar E1, mai nuna gam ɗin ba ya fitar da sinadarin fomaldehaid da yawa, kuma a bar tagogi a buɗe kwanakin farko. Kwalin da ba suna, ba lamba, ba takarda, bar musu. Araha ba ta ado.

In an ce maka ba ya jin ruwa, nemi guntu ka dubi cikinsa. In launin katako ne, laminet ne, wataƙila irin wanda aka shafe bakinsa don ya jure ruwan sama na wasu awanni, amma ba na ƙasa ba. In fari ne ko toka-toka, mai nauyi, wannan SPC ne, roba ce da garin farar ƙasa, ba ya kumbura. Shi ya fi dacewa da kicin da hanyar banɗaki. Mafi sauƙi, karɓi guntun ka jefa a kofin ruwa ya kwana, da safe ka gwada kaurinsa da busasshe.

Za mu tafi arewa mu daɗe, ɗakin zai zauna a kulle. Akwai abin yi?

A share, a naɗe dardumai a ɗora su a sama, a jingine katifa. A kwashe kayan firji, a kashe shi ya narke a tsane tun kafin tafiya, a bar ƙofarsa a buɗe. A rufe famfo daga babban makunni, don ruwa kan dawo da dare ya tarar da wanda aka manta a buɗe. A ja labule saboda rana. In tafiyar ta faɗo cikin damina, a bar wa amintaccen maƙwabci makulli ya riƙa buɗe tagogi na 'yan awanni duk mako, ranar da ba hadari, ya kuma leƙa gindin taga da bakin banɗaki.